Jika ya samu magani kyauta, kakarsa fa?



Akwai wani abu da idonmu ya saba gani a ƙofar likita, daga Dogon Kiriya har zuwa Geceme. Tsohuwa ta taso tun da asuba, da jikanta goye a baya. Yaron yana fama da masassara. Uwarsa tana gona, ubansa ya tafi bida. An duba yaron, an rubuta sunansa a littafi, ba a karɓi ko dala ba, domin bai kai shekara 5 ba. Tsohuwar ta yi godiya. Ita ma kanta yana sara tun sati biyu. Ƙafafunta sun kumbura, idonta ɗaya ya rufe da yana. Majo ya ce mata: "Inna, ke ma zauna a auna ki." Ta taɓa bakin zanenta, ta ji babu komai a ƙulle. Ta ce: "Bari dai, ɗana, sai an yi girbi." Ta gyara goyonta, ta kama hanyar gida.

A kan wannan tsohuwa za mu yi magana yau. Ra'ayinmu shi ne: lokaci ya yi da hukuma za ta ɗauke wa tsofaffi nauyin magani a likitocin karkara, kamar yadda ta ɗauke wa yara ƙanana. Amma a yi shi da shiri. A faɗi inda kuɗin zai fito tun kafin a sa hannu, don kada a maimaita kuskuren da aka yi a baya.

Yadda aka fara biyan kuɗi a likita

Dattawanmu sun san lokacin da ba a biyan komai a likitar gwamnati. Sun kuma san yadda abin ya ƙare. A shekarun 1980 aljihun gwamnati ya yi rauni. Likita tana nan a buɗe, ma'aikaci yana zaune, amma kabad ɗin magani babu komai. Sai a rubuta wa mutum takarda, a ce ya tafi birni ya saya.

A shekarar 1987 ministocin kiwon lafiya na ƙasashen Afirka suka taru a Bamako, babban birnin Mali. Suka yanke shawara cewa marar lafiya ya riƙa biyan kuɗi kaɗan. Da wannan kuɗi za a riƙa sayo magani mai rahusa, jama'ar gari kuma su sa ido a kan asusun.

Ƙasarmu ta gwada wannan tsari a 1993, ta hanyoyi biyu. A Sayi, marar lafiya ne kaɗai ke biya: babba dala 40, yaro dala 20, duk lokacin da ciwo ya kawo shi. A Boboye, nan cikin jaharmu ta Doso, an bi wata hanya dabam. Kowane mai biyan haraji ya ƙara dala 40 a shekara, ko yana da lafiya ko ba shi da ita. Wanda ciwo ya kama kuma sai ya biya dala 10 idan babba ne, dala 5 idan yaro ne. Da aka duba sakamako, sai aka ga talakawa da mata da yara sun fi zuwa likita a Boboye. Dalili a fili yake: kowa ya ba da kaɗan, sai kayan ya yi sauƙin ɗauka.

Ana cikin haka, a watan Janairu na 1994, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. A watan Yuli na 1995 aka kafa dokar biyan kuɗin magani a ƙananan likitoci. Hanyar da ta bazu a ƙasa ita ce ta biya kai tsaye. Magani ya dawo cikin kabad, wannan gaskiya ne. Amma wanda ba shi da kuɗi ya koma gida da ciwonsa.

Abin da gafarar kuɗin magani ta yi wa yara

A zamanin shugaba Tanja Mamadu, tun daga 2001, aka shiga gina ƙananan gidajen likita a ƙauyuka. A watan Nuwamba na 2005 gwamnati ta ce tiyatar fitar da jariri ta zama kyauta. A 2006 aka ƙara da awon ciki, da maganin tazarar haihuwa, da maganin duk yaron da bai kai shekara 5 ba.

Mu duba lissafi. Binciken da aka yi a 1992 ya nuna cewa cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, 318 suna rasuwa kafin su cika shekara 5. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. A 2006 adadin ya sauko zuwa 198. A 2012 ya sauko zuwa 127. Ba gafarar kuɗi ce kaɗai ta kawo wannan ba. Akwai allurar rigakafi, akwai gidan sauro, akwai kulawa da yara masu tamowa, akwai likitar da ta matso kusa da gida. Amma kowace uwa ta san bambanci. Da, sai ciwo ya ci ƙarfin yaro ake neman bashi a kai shi. Da aka ɗauke kuɗi, tun ranar farko ake zuwa.

Wannan ya koya mana cewa takardar da aka sa wa hannu a Yamai tana iya ceton rai a Sukukutan. Doka ba wasa ba ce.

Inda aka yi tuntuɓe

Sai dai akwai darasi na biyu, mai ɗaci. Tsarin ya ce likita ta yi wa yaro magani, ta rubuta takardar kuɗin, ta aika sama, gwamnati ta biya ta. Likitoci sun yi aikinsu, sun aika da takardu. Kuɗin ne ya riƙa makara, wata da watanni, wani lokaci har shekara ta zagayo. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun bi likitoci, sun zauna da ma'aikata da ƴan kwamiti, sun rubuta abin da suka tarar: bashi ya taru a wuyan gwamnati, asusun kwamitoci ya bushe, magani ya yanke.

Mun ga abin da ya biyo baya. An ce kyauta, amma uwa ta fito da takarda a hannu, ta nufi kantin magani. Ta zargi majo, alhali shi ma jira yake yi. Amana tsakanin jama'a da ma'aikatan lafiya ta yi rauni. Tushen matsalar ɗaya ne: an yi shelar kyauta kafin a tanadi kuɗinta. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya ɗauka ba tare da gammo ba, wuyansa zai gaya masa.

Me dokoki suka ce game da tsofaffi?

Ba za mu ce an manta da tsofaffi a kan takarda ba. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010, a ayarsa ta 25, ya ɗora wa gwamnati alhakin kula da tsofaffi, ya ce doka ce za ta fayyace yadda za a yi. Aya ta 26 ta yi maganar naƙasassu. An dakatar da wannan kundi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma buƙatar da ya ambata tana nan.

A watan Afrilu na 2018 majalisar dokoki ta wancan lokaci ta ba ƙasa dokar kare masu rauni, kuma tsofaffi suna cikinsu. Naƙasassu suna da tasu dokar tun watan Maris na 1993, aka kuma yi wata sabuwa a watan Disamba na 2019.

A watan Agusta na 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage kuɗin ganin likita, da na awo, da na kwanciya, da na tiyata da rabi a asibitocin gwamnati, ta kuma ce haihuwa ta zama kyauta. Wannan ya fara aiki ranar 1 ga Satumba 2024. Sauƙi ne babba, kuma tsofaffi ma sun amfana da shi. Mun yaba.

Amma mu tambayi kanmu: rabin kuɗi, ga wanda ba shi da ko dala, nawa ne? Tsohon ma'aikaci yana da fansho, ko da kaɗan ne. Tsohon manomi ba shi da fansho sai ƴaƴansa da rumbunsa. Tsohuwar da mijinta ya rasu, ƴaƴanta suka watse, ba ta da kowa sai maƙwabta.

Ya kamata mu fahimci wani abu game da doka. Doka kamar iri ce. Idan an kafa ta, sai an bi ta da takardar zartarwa, wadda ke faɗin wa zai amfana, a ina, da kuma yadda za a yi. Bayan wannan sai an ware mata kuɗi a cikin kasafin shekara. Daga nan sai an sanar da ma'aikaci da talaka. Irin da aka bari cikin ƙwarya ba ya tsira, komai kyansa. Yawancin abin da aka rubuta don tsofaffi bai iso ƙofar likitar ƙauye ba.

Ciwon tsoho asarar gida ce

Wani zai ce: tsoho ya gama aikinsa, a bar shi ya huta. Wanda ya faɗi haka bai zauna ƙauye da rani ba. Da an kai hatsi rumbu, samari suna kama hanyar Yamai, ko Kwatano, ko Najeriya. Wa ke tsaron gida? Wa ke ba dabbobi ruwa? Wa ke riƙon yara idan uwa ta tafi rijiya ko lambu a Dallol Mawri? Wa ya san iyakar gonaki idan rigima ta tashi? Wa ke zaɓen zangarniyar da za a ajiye don iri? Da tsohuwar zuma ake magani.

Cututtukan tsufa kuwa, mafi yawansu suna da sauƙi idan an tare su da wuri.

Hawan jini yakan zauna a jikin mutum shekaru bai sani ba. Awonsa ba ya ɗaukar minti biyar. Idan awo ya kai 14 da 9 ko ya wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka tarar da haka, mutum yana buƙatar kulawa. Ƙwayoyin da ake sha kullum ba su cikin magunguna masu tsada. Idan aka yi sakaci, ƙarshensa shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko ciwon ƙoda.

Yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da tsofaffi. Aikinta gajere ne a hannun likitan ido, kuma mutum yana komawa ga ganinsa.

Ciwon suga, idan ba a gano shi ba, yana kawo gyambon da ba ya warkewa a ƙafa, yana kuma lalata ido.

Tsayawar fitsari ga dattawa maza ba abin ɓoyewa ba ne. Tana buƙatar likita a ranar, ba gobe ba.

Yanzu mu yi lissafin gida. Dattijo ya faɗi ana tsakar noman farko. An nemi kabu-kabu ko amalanke zuwa likita. Daga can an tura shi Dogon Dutsi, wataƙila har Doso. Mutum biyu sun bar gona sun bi shi jinya. Ciyawa ta ci hatsi. An sayar da akuya. An karɓi bashi a hannun ɗan kasuwa, da sharaɗin a biya da wake idan an yi girbi, lokacin da wake ba shi da daraja. Matar gida mai soya ƙosai ko ƙuli-ƙuli ta ba da jarinta, kaskonta ya kife. Yarinyar da ke lakwal an cire ta don ta zauna da marar lafiya. Duk wannan ya faru ne saboda awon da ba a yi ba da ƙwayar da ba a saya ba.

Ƙananan sana'o'inmu ba su da kauri. Jinya guda tana cinye jarin shekara uku. Saboda haka duk dokar da ta kare lafiyar tsoho, ta kare akuyar gida, da rumbu, da kaskon mai ƙosai.

Masu cewa babu kuɗi

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu tana da nauyi. Mu saurare su.

Na farko suna cewa: gwamnati ba ta gama biyan na yara ba, ga matsalar tsaro tana cin kuɗi, ina za ta samu na tsofaffi? Amsarmu lissafi ce. A ƙasarmu, waɗanda suka kai shekara 60 kimanin mutum 4 ne cikin 100. Yaran da ba su kai shekara 5 ba kuwa sun kai kimanin 20 cikin 100. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 370,000 a gundumar Dogon Dutsi, da kimanin 270,000 a gundumar Tibiri. Jimla kimanin 640,000. Idan muka ɗauki 4 cikin 100, tsofaffin gundumomin biyu ba su wuce kimanin 25,600 ba a lokacin. Gaskiya ne ciwon tsoho ya fi na yaro daɗewa. Shi ya sa ba mu ce a ɗauki komai rana ɗaya ba. A fara da abin da aljihu zai iya. Mu kuma tuna cewa a 2001, a Abuja, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu don kiwon lafiya. Ƙasashe kaɗan ne suka cika shi.

Na biyu suna cewa: kula da tsoho aikin ƴaƴansa ne, addini da al'ada sun faɗa. Haka ne, kuma babu dokar da za ta sauke mana wannan farilla. Amma ɗan da ya noma dami 40, alhali gidansa na cin 80, da me zai yi biyayyar? Akwai kuma tsofaffin da Allah bai bar musu ɗa ko ɗaya ba. Taimakon hukuma ƙarin hannu ne ga ɗa nagari.

Na uku suna cewa: za a yi maguɗi, mai shekara 45 zai ce ya kai 60. Wannan yana iya faruwa. Maganinsa shi ne rajista a bainar jama'a, gaban mai gari da limami da ƴan kwamiti. A ƙauye kowa ya san sa'ar kowa.

Wasu ƙasashe sun riga mu gwadawa. Senegal ta fara magani kyauta ga masu shekara 60 a 2006. Jama'a sun yi murna, amma bashi ya taru a asibitoci, domin kuɗin da aka ware bai isa ba. Gana kuwa, da ta kafa inshorar lafiya a 2003, ta yafe wa masu shekara 70 kuɗin zubi, ta kuma sa harajin kashi 2 da rabi cikin 100 a kan kayan saye don ciyar da asusun. Maƙwabciyarmu Najeriya, a dokar lafiya ta 2014, ta rubuta cewa a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ƙananan asibitoci. Ko a can ba a rasa jinkiri da ƙorafi ba. Amma dokar da ta ambaci rijiyar da za a ɗebo ruwa ta fi wadda ta ce a sha kawai.

Abubuwa shida da muke roƙo

Tun watan Yuli na 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki, gwamnati ce ke fitar da dokoki. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo. A 2025 aka kafa majalisar ba da shawara. Ko wane ne ke riƙe da alƙalami, ga abin da muke so ya rubuta:

1. A tsayar da shekaru. Duk wanda ya kai 60, ko 65 idan aljihu bai kai ba, a ba shi kati. Wanda ba shi da takardar haihuwa kada a kore shi. Yawancin iyayenmu an haife su ne a ɗaki, ba a rubuta ba. Shaidar mai gari da dattawa biyu ta isa.

2. A faɗi abin da katin ya ƙunsa, dalla-dalla: ganin likita, awon jini, awon suga, maganin hawan jini da na suga da na masassara, da aikin yanar ido. Ƙaramin alkawarin da aka cika ya fi babban da aka saɓa.

3. A rubuta inda kuɗin zai fito, da ranar biya. Likitar da ta aika da takardunta a biya ta cikin wata uku. Kowace shekara a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita.

4. A kawo maganin kusa. Tsoho mai ciwon gwiwa ba zai iya zuwa birni kowane wata don ƙwaya ba. Kowace likitar CSI, da kowane ƙaramin gidan likita na ƙauye, a ba su abin awon jini mai aiki.

5. A gyara ƙofofi. Matakala uku a bakin likita katanga ce ga gurgu mai keke, da makaho, da tsohuwa mai sanda. A yi gangara mai sauƙin hawa, da ƙarfen dafawa, da benci a inuwa, da makewayi mai faɗin ƙofa. Duk sabon ginin jama'a, likita ko lakwal ko ofishin magajin gari, kada a karɓe shi daga hannun ɗan kwangila sai da waɗannan. A lokacin gini abin ba ya cin siminti mai yawa. Sai an gama ne gyara ke tsada.

6. A sassauta wa masu ƙaramin jari. Tsohuwa mai tallar daddawa ko kuka a faifai, da naƙasasshe mai gyaran takalmi, ƙaramar hukuma ta yafe musu tikitin kasuwa, ta ba su wuri kusa da ƙofa. Abin da za ta rasa kaɗan ne. Su kuwa shi ne kuɗin cefanensu.

A kan waɗannan duka akwai sharaɗi ɗaya. Kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To, duk dokar da ta shafi lafiyarmu a fassara ta da Hausa da sauran harsunanmu. A liƙa ta a bangon likita, da farashin kowane aiki. A karanta ta a gidajen rediyon karkara. Haƙƙin da mutum bai sani ba, ba zai nema ba.

Namu aikin

Kada mu naɗe hannu muna jiran Yamai. Akwai abin da za mu iya tun bana.

Mu da muka shiga ajin yaƙi da jahilci, mu ɗauki littafi da alƙalami. Mu rubuta sunayen tsofaffin garinmu, da makafi, da guragu, da kurame. Mu nuna wanda ke da mai kula da shi, da wanda ba shi da kowa. Mu kai kwafi ɗaya ga mai gari, ɗaya ga majo, ɗaya ga ƙaramar hukuma. Mai zuwa da lissafi a rubuce, ba a sallamarsa da baki. Sarakunanmu ma, daga fadar Sarkin Arewa har zuwa ta Samna a Tibiri, za su fi jin ƙarfin isar da kukanmu idan akwai takarda a hannunsu.

Mu shiga kwamitin kula da likita. Mu halarci taronsa. Mu tambayi nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ake bin gwamnati. A yi tambaya cikin ladabi, domin ma'aikacin lafiya abokin tafiya ne.

Mu kafa asusun gari, irin darasin Boboye. Misali, gari mai magidanta 300, idan kowa ya zuba dala 40 a shekara, an tara jaka 60. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da tiyar hatsi lokacin girbi, a ajiye, a sayar da bazara. Wannan zai sayi man mota ranar da aka tashi kai marar lafiya da dare. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jahar Maradi a 1991, sun daɗe da nuna mana cewa zubin sati-sati yana zama jari. Su ware wani kaso don jinyar iyaye, kada ciwo ya taɓa uwar kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A cikin gida kuma:

A kai kowane dattijo da kowace dattijuwa awon jini, ko da sau biyu a shekara, ko ba su jin ciwon komai.

Wanda aka ɗora wa maganin hawan jini kada ya bari don ya ji sauƙi. Sai likita ya ce.

A rage gishiri da magi a miya. Abin da babba ke buƙata a yini bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri ba.

Kada a sayi ƙwayoyi a hannun masu yawo da su cikin rana a kasuwa. Ba a san asalinsu ba, kuma wasu magungunan ciwon jiki suna lalata ciki da ƙoda.

Kada a bari wani ya soki idon tsoho da sunan kwantar da yana. Ido da yawa sun mutu ta haka. A nemi likitan ido.

Tarin da ya wuce sati biyu a kai shi awo. Maganin tarin fuka kyauta ne.

Da zafin bazara a riƙa miƙa wa tsofaffi ruwa, ko ba su tambaya ba. Tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa.

Idan bakin mutum ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta sarƙe farat ɗaya, a nufi likita nan take. Kada a tsaya jiran wayewar gari.

Ƴan'uwa, waɗannan tsofaffi su ne suka ga yunwar 1973 da ta 1984, suka riƙe mu har muka rayu. Sun biya haraji shekara da shekaru. Sun yi aikin gayya, sun haƙa rijiyoyin da muke sha, sun ɗebo yashin da aka gina likitocin nan. Bai dace a ce mai goyon jika ta tsaya a bakin ƙofa don rashin abin da za ta kwance a bakin zane ba. Kowanenmu, idan Allah ya ja kwana, can ya nufa.

A karanta wannan shafi a aji, a karanta shi a dandali, a karanta wa wanda bai iya ba. Sa'an nan a fara rubuta sunayen.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon kula da su, ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.